Kwamitin Abuja da Kwamitin Jiha: Yadda Binciken Rikicin Jos na 2008 Ya Salwanta a Tsakani

A farkon shekarar 2009, wani dattijo da ke da rumfa a kasuwar Katako ta Laranto ya zo gidanmu riƙe da littafin rubutu irin na 'yan firamare, yana so in taya shi mayar da abin da ke ciki zuwa takardar ƙorafi ta Turanci. A shafukan farko ya jera asararsa da ajami, tun daga falankai da silin har injin yankan katako, da bashin da yake bin kafintoci wanda takardunsa suka ƙone tare da rumfar. A shafi na ƙarshe kuwa ya rubuta abin da na lura ya fi ci masa rai, wato lokutan da ya buga wa wani jami'in tsaro da ya sani waya a ranar da wuta ta tashi a rikicin Nuwamba 2008, da amsar da aka ba shi a kowane karo. Kira na farko an ce masa ya kwantar da hankalinsa, na biyu an ce babu mota, na uku wayar ba ta shiga ba.

Da muka kammala, na ce masa, "Baba, sunan wane kwamiti za mu sa a saman takardar?" Ya dube ni kamar na yi tambayar da ba ta da amfani, ya ce, "Kai ɗan nan, ai na Abuja. Na jiha ba namu ba ne."

Bayan 'yan makonni, wata malamar makaranta da muka taɓa aiki tare, Kirista, wadda aka ƙone gidan iyayenta a wancan rikici, ta nuna mini tata takardar. Ita kwamitin jiha za ta kai, domin a cocinsu an riga an yanke cewa na Abuja an kafa shi ne don a ci mutuncin gwamna da mutanen Filato. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sakin layi na uku na takardarta. "Malam, mu ma mun kira," in ji ta, "har muryata ta dushe, ba wanda ya zo." Mutum biyu ke nan da suka saɓa a kan wanda ya fara faɗan, suka saɓa a kan wanda ya ci zaɓen ƙaramar hukuma da ya haddasa rikicin, amma bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa hukuma ta bar su a lokacin da suke buƙatarta, kuma babu wani teburi guda da takardunsu biyu suka haɗu a kai. Wannan nazari a kan wannan giɓi yake.

Abin da ya gabaci ranar

Ba za a ce rikicin Nuwamba 2008 ya zo wa kowa da ba-zata ba. Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, wadda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙira a 1991, ta kasance abin ja-in-ja tun daga haihuwarta tsakanin Birom da Anaguta da Afizere a gefe guda, da Hausawan Jos a ɗaya gefen, kuma jayayyar ta ta'allaƙa ne a kan wanda zai riƙe kujerar shugabanci da wanda zai sa hannu a takardar shaidar zama ɗan ƙasa. A ranar 12 ga Afrilu 1994 an yi tarzoma kan naɗin Alhaji Aminu Mato a matsayin shugaban riƙo, aka kafa hukumar bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Aribiton Fiberesima. Daga 7 zuwa 13 ga Satumba 2001 aka yi wanda ya fi shi muni, inda aka rasa rayuka kimanin 1,000, aka sake kafa wata hukumar ƙarƙashin Mai Shari'a Niki Tobi. A Mayun 2004, bayan kashe-kashen Yelwan Shendam, Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci, ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye na wata shida, ya ɗora Janar Chris Alli mai ritaya.

Abin lura a nan shi ne har zuwa ranar da aka je rumfunan zaɓe a 2008, rahoton Fiberesima da na Niki Tobi ba su fito fili ba. Sai a 2010 gwamnatin jiha ta sake su. Ke nan baturen 'yan sanda da aka turo Laranto ko Nasarawa Gwom a 2008 ba shi da wata takarda a gabansa da ke gaya masa inda magabatansa suka yi tuntuɓe shekara bakwai da suka wuce, ko ta wace kwana gungun matasa suka saba ɓullowa, ko awa nawa aka ɗauka kafin soja su fito. Abin da ya sani shi ne abin da ya tsinta a bakin tsofaffin kuratan ofis.

Kwana biyu

An yi zaɓen ƙananan hukumomi 17 na jihar ranar Alhamis 27 ga Nuwamba 2008. A Jos ta Arewa, wadda ta shafe shekaru a hannun shugabannin naɗi, takarar ta kasance tsakanin Timothy Gyang Buba na PDP da Aminu Baba na ANPP, kuma duk wanda ke garin ya san cewa mutane da yawa sun karanta sunayen biyu a matsayin coci da masallaci. An kaɗa ƙuri'a lafiya. Matsalar ta taso ne da dare, a cibiyar tattara sakamako da aka kai Kabong, inda magoya bayan ɓangarorin biyu suka yi dafifi suna gadin ƙuri'unsu, jita-jitar maguɗi tana yawo a wayoyin hannu. Kafin gari ya waye ranar Juma'a an tarwatsa taron, kuma kafin hantsi hayaƙi ya turnuƙe unguwanni da dama. An kashe Musulmi, an kashe Kirista, an ƙone masallatai da coci-coci da makarantu da gidaje da wuraren sana'a. Ana cikin haka hukumar zaɓe ta jiha ta bayyana cewa PDP ta lashe dukkan kujeru 17.

Ranar Juma'ar ita ce ranar rashin jami'an tsaro. Asabar 29 ga wata kuwa ta zama ranar da suka zo da yawa, bayan Gwamna Jonah Jang ya tsaurara dokar hana fita ya kuma ba da umarnin a harbe duk wanda aka gani yana karya ta. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta tattara bayanan mutum 133, maza da yara maza, kusan dukansu Musulmi, waɗanda ta ce 'yan sandan kwantar da tarzoma da sojoji ne suka kashe su ba bisa ƙa'ida ba, galibi a wannan rana, a unguwanni irin su Unguwar Rogo da Rikkos da Ali Kazaure, wasu an fito da su ne daga cikin gidajensu. Saboda haka gazawar tsaron ta 2008 fuska biyu gare ta, jinkiri a rana ta farko da wuce gona da iri a rana ta biyu, kuma kowace fuska tana da masu alhakinta dabam da tambayoyinta dabam.

Yadda bincike ya rabu biyu

A ƙarshen Disamba 2008 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye mai ritaya. Ba a yi mako guda ba Gwamna Jang ya kafa tasa hukumar binciken ƙarƙashin Yarima Bola Ajibola, tsohon Ministan Shari'a kuma tsohon alƙali a Kotun Duniya da ke Hague, sannan gwamnatin jiha ta garzaya Kotun Ƙoli tana ƙalubalantar hurumin Abuja na binciken abin da ya faru a cikin jiha. Majalisar Wakilai ta kafa nata kwamitin wucin gadi, wanda ya soki yadda gwamnatin jiha ta tafiyar da lamarin, Majalisar Dokokin Filato ma ta kafa nata. Shugaban ƙasa da gwamnan kuwa duk 'yan PDP ne, abin da ke nuna cewa ɓangaranci a bincike ba sai da katin jam'iyya biyu ba. Ya isa a ce kowane mai mulki yana da mutanen da yake jin tsoron ɓata wa rai.

Hujjar gwamnan ta shari'a ba ta banza ba ce. A 2003, a shari'ar da ta taso daga Kwamitin Oputa, wanda Obasanjo ya kafa don binciken take haƙƙin ɗan Adam, Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar kafa hukumomin bincike ta 1966 ba ta ba gwamnatin tarayya ikon kafa irin wannan hukuma mai tilasta wa shaidu bayyana ba, sai a Babban Birnin Tarayya. Wannan ya sa kwamitin Abisoye ya tsaya a matsayin kwamitin gudanarwa. To amma a nan ne aka yi kitso da ƙwarƙwata: wadda ke da ikon kafa hukumar bincike mai haƙori ita ce jiha, alhali 'yan sanda da sojojin da ya kamata a bincika na tarayya ne, ba sa karɓar albashi ko ƙarin girma ko horo daga gwamna. Wadda ke da iko da jami'an ba ta da cikakken ikon bincike, wadda ke da ikon bincike kuma ita kanta tana cikin waɗanda ake tuhuma, tunda ita ta shirya zaɓen, ita kuma ta ba da umarnin harbi.

Zaɓin shugabannin ma ya ƙara dagula lissafi. A idon mai zaune a Abuja, Abisoye dattijo ne Kirista, tsohon soja da ba shi da gona ko gida a rikicin Jos, don haka ana ganin ba za a zarge shi da son kai ba. Amma a Filato sunansa yana da wani nauyi na dabam, domin shi ya jagoranci kwamitin da ya binciki yunƙurin juyin mulkin Dimka na 1976, wanda ya kai ga harbe hafsoshi da dama 'yan asalin yankin, har da Joseph Gomwalk, tsohon gwamnan Binuwai-Filato. Ko an sani aka yi, ko an manta da tarihin ne, sakamakon ɗaya ne: an fama tsohon miki. Shi ma gwamnan ya yi nasa lissafin, ya ɗauko Ajibola, Musulmi mai daraja daga Abeokuta, da zaton hakan zai rufe bakin masu ƙorafi. Shugabannin al'ummar Musulmin Jos ba su dubi addinin shugaban hukumar ba, sun dubi hannun da ya naɗa shi, suka ƙaurace mata. A nawa ganin, kowane ɓangare ya zaɓi mutumin kirki, kuma kowane ɓangare ya yi kuskuren zaton cewa mutuncin mutum ɗaya zai iya wanke hukumar da aka haifa cikin zargi.

Hukumar Ajibola ta yi zamanta a Jos, ta miƙa rahotonta a Oktoban 2009, bayan ta saurari galibi gefe ɗaya na labarin, ba don ta rufe ƙofa ba sai don ɗaya gefen ya ƙi shiga. Kwamitin Abisoye bai fara sauraron jama'a ba sai da aka yi kusan shekara guda da kafa shi, kuma har yau ba a fitar da rahotonsa ga jama'a ba.

Ko adadin mamata ba a daidaita a kai ba. Hukumar Ajibola ta tsaya a kan 312. Shugabannin Musulmi sun ce sun ƙidaya 632, na Kirista suka ce sun tabbatar da 129, jimilla 761. Tazarar da ke tsakanin 312 da 761 ta fi ƙarfin kuskuren lissafi, kuma ga mai nazarin tsaro tana da ma'ana ta aiki, domin wanda bai san mutum nawa suka mutu ba, a wace unguwa, a wace awa, da harsashi ko da adda ko da wuta, ba zai iya cewa ga inda ya kamata a girke motar sintiri a karo na gaba ba. Likitocin da suka karɓi gawawwaki da masu wankan gawa da masu haƙa kabari suna da wannan sani a lokacin, sai dai shi irin wannan sani yana dushewa da sauri, kuma an bar shi ya dushe ana jiran a ga wanda zai yi nasara a kotu.

Tambayoyin da suka faɗi ƙasa

Idan aka saurari muhawarar shekarar 2009, a gidajen rediyo da jaridu da majalisun shayi na Titin Bauchi da na Gada Biyu, za a ji tambaya biyu ce ta mamaye komai: wa ya fara, kuma Jos ta wane ne. Gwamnatin jiha ta dage cewa an shigo da sojojin haya daga waje, tana kuma kukan cewa waɗanda aka kama an kwashe su zuwa Abuja an sake su. Ɗaya gefen ya dage cewa an shirya maguɗi ne da gangan, aka kuma yi amfani da bindigar hukuma wajen murƙushe masu ƙorafi. Waɗannan batutuwa ne masu nauyi, ban raina su ba. Amma kowannensu yana da wata siffa da 'yan siyasa ke so, wato amsarsa tana ɗora laifin kacokan a kan abokin hamayya, ta bar mai magana da tsabtataccen hannu. Laifi tudu ne, in ji Hausawa.

Akwai wasu tambayoyin da ba su da wannan daɗi, kuma su ne aka bari a ƙasa. Wane rahoto hukumomin leƙen asiri suka rubuta kafin zaɓen, wa aka kai wa, a wace rana, kuma me wanda ya karɓa ya yi da shi? Wa ya yanke shawarar inda za a tattara sakamako, kuma an tuntuɓi 'yan sanda kafin a yanke? Jami'ai nawa aka ajiye a cikin Jos a daren, nawa aka rarraba zuwa sauran ƙananan hukumomi 16, tunda a rana ɗaya aka yi zaɓen ko'ina? Barikin Rukuba, hedikwatar runduna ta uku ta sojan ƙasa, yana bakin gari ne, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Da ƙarfe nawa aka nemi agajinsu, da ƙarfe nawa izini ya iso, kuma a teburin wa takardar ta kwana?

Wannan ta ƙarshe ita ce zuciyar lamarin, kuma tana da tushe a kundin tsarin mulkin 1999. Ana kiran gwamna babban jami'in tsaron jiharsa, amma sashe na 214 ya tanadi rundunar 'yan sanda guda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, sashe na 215 kuma ya ba kwamishinan 'yan sanda damar neman a miƙa umarnin gwamna ga shugaban ƙasa ko ministan da aka wakilta kafin ya aiwatar. Soja kuwa, bisa sashe na 217, suna taimaka wa hukumomin farar hula ne idan shugaban ƙasa ya kira su. A rana ta lafiya wannan tsari ba ya damun kowa. A ranar da unguwa ke ci da wuta, kowace gaɓa ta wannan sarƙa awa ce, kowace awa kuma rayuka ce. Binciken da ya san abin da yake nema zai zauna da littafin aiki na kowane ofishin 'yan sanda, da bayanan oba-oba, da jerin kiran wayar manyan jami'ai, ya jera su minti bayan minti har ya ga inda sarƙar ta tsinke. Shafin ƙarshe na littafin dattijon nan na Katako, da sakin layi na uku na takardar malamar, irin kayan aikin wannan bincike ne.

Haka ma batun ranar Asabar. Umarnin harbi da gwamna ya furta, ta wace hanya ya isa kunnen ɗan sandan da ke riƙe da bindiga a lungu, da wane lafazi, kuma wa ya fassara masa iyakarsa? Rundunonin da aka kawo daga wasu jihohi, waɗanda ba su san Gangare daga Jenta ba, wa ya yi musu jagora? An ƙirga harsasan da aka ba kowace tawaga da waɗanda ta dawo da su? Rundunar da ta ɗauki kanta da muhimmanci takan yi wa kanta waɗannan tambayoyi ko ba wanda ya tilasta mata, domin ta gyara horonta. Ba a gurfanar da wani jami'in tsaro kan kashe-kashen wannan rana ba.

Dole a yi adalci a ce jami'in da ke da amsoshin nan ba shi da wani dalilin buɗe baki. Idan ya faɗi gaskiya a gaban hukumar jiha, maganarsa za ta zama makamin jiha a kan Abuja, wadda ke riƙe da aikinsa. Idan ya faɗa a gaban kwamitin tarayya, gobe jaridu za su buga cewa an tona asirin gwamna, shi kuma yana zaune da iyalinsa a garin. Duk inda bincike ya zama fagen neman wanda za a rataya, masu sani sukan koyi yin shiru, ko su karanta abin da lauya ya rubuta musu. Shi ya sa a harkar jiragen sama aka raba binciken haɗari da shari'ar laifi, har dokokin ƙasa da ƙasa suka bayyana cewa manufar binciken ita ce hana aukuwar wani haɗarin, ba rabon laifi ba, domin matuƙi da injiniya su faɗi kuskurensu ba tare da fargaba ba. Najeriya tana bin wannan tsari idan jirgi ya faɗi. Idan gari ya ƙone kuwa, sai a haɗa neman darasi da neman mai laifi da rabon diyya da tantance asalin ƙabilu a cikin tukunya ɗaya, a ba mutum bakwai ko goma wata uku su dafa.

Jarrabawar 2010

Ba a jima ba aka gwada abin da aka koya. Ranar Lahadi 17 ga Janairu 2010 rikici ya sake ɓarkewa a yankin Dutse Uku da Nasarawa Gwom, kuma abin da ya kunna shi taƙaddama ce a kan sake gina wani gida da aka ƙone a 2008. A lokacin rahoton Ajibola yana da wata uku a hannun gwamnati, kwamitin Abisoye bai kammala aikinsa ba, Shugaba 'Yar'aduwa kuma yana jinya a Saudiyya tun Nuwamba ba tare da ya miƙa mulki ba, wato sarƙar umarnin da ta yi jinkiri a 2008 yanzu ma ba a san inda kanta yake ba. Komawar mutanen da aka kora zuwa unguwannin da aka raba abu ne da kowane mai hankali zai hango haɗarinsa, amma babu wani shiri na rakiya ko sasantawa da aka tanada domin sa. Cikin kwana biyu wutar ta kai Bukuru da ƙauyukan kewaye. A Kuru Karama an kashe aƙalla mutum 150, Musulmi, aka jefa gawawwaki da yawa a rijiyoyi. Mataimakin Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan ya damƙa tsaron Jos a hannun soja.

Da asubahin 7 ga Maris 2010 aka kai hari Dogo Nahawa da Zot da Ratsat, aka kashe ɗaruruwan mutane, galibi Kiristoci Birom, da yawansu mata da ƙananan yara, alhali dokar hana fitar dare tana aiki. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi kusa da darasin wannan nazari. Gwamna Jang ya fito ya ce tun da misalin ƙarfe tara na dare ya sami labarin zirga-zirgar mutane ɗauke da makamai, ya kuma sanar da kwamandan soja. Kwamandan runduna ta uku, Manjo Janar Saleh Maina, ya musanta yadda gwamnan ya ba da labarin. Manyan mutane biyu da tsaron gari ke wuyansu suka tsaya a gaban 'yan jarida suna musu a kan wa ya kira wa. Wata goma sha biyar bayan Nuwamba 2008, da kwamitoci huɗu a tsakani, ba a samar da ɗaki guda da ake karɓar gargaɗi a rubuta lokacinsa da sunan wanda ya karɓa da matakin da aka ɗauka ba. Washegarin harin Jonathan, wanda ya zama muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sauke mai ba da shawara kan tsaro, Janar Sarki Mukhtar, ya maido da Janar Aliyu Gusau. An kuma riga an kafa wani sabon kwamitin ƙarƙashin Cif Solomon Lar.

Ba na cikin masu cewa kwamitocin ba su tsinana komai ba. Rahoton Ajibola ya taɓo batutuwa na gaske, irin su yadda aka ƙirƙiri Jos ta Arewa da rabon mazaɓunta, kuma duk mai son fahimtar yadda ɓangare guda ke kallon tarihin garin zai ƙaru da shi. Daga baya ma an sami wasu sauye-sauye, kamar rundunar haɗin gwiwa da ta zauna dindindin, da hukumar samar da zaman lafiya da jihar ta kafa a 2016, da tattaunawar da shugabannin al'ummomi suka riƙa yi a tsakaninsu. Sai dai zaman lafiyar da cikin garin Jos ya samu, wani ɓangarensa ya zo ne ta hanyar da ba wanda zai yi alfahari da ita, wato mutane sun tattara sun koma unguwannin da nasu suka fi yawa, har direban Keke ya san inda zai tsaya ya ce daga nan ba ya wucewa idan gari ya ɗauki zafi. Jama'a sun koyi nasu darasin da kansu, sun biya kuɗinsa da gidajen gado da maƙwabtan shekara talatin.

Da a ce a Disamban 2008 an ware tambayar jinkiri da ta harbi daga tambayar mallakar gari, aka ba wasu ƙwararru da ɓangarorin biyu suka amince da sunayensu, aka ba su ikon ganin takardun 'yan sanda da na soja, aka kuma ɗaure gwamnati da ranar da dole ta buga abin da suka gano, da dattijon Katako da malamar sun kai takardunsu wuri ɗaya. Hakan ba zai sasanta su a kan zaɓen ba, kuma ba zai hana a ci gaba da shari'ar masu kisa a kotu ba, wadda ita ce wurin da ya dace da ita. Abin da zai samar ƙarami ne, jadawalin awa arba'in da takwas da kowa ya yarda da shi, da jerin gyare-gyare biyar ko shida masu sunan wanda zai aiwatar. Wata goma sha huɗu da ke tsakanin Nuwamba 2008 da Janairu 2010 sun isa a yi wannan.

Dattijon ya kai takardarsa lokacin da kwamitin Abuja ya zo Jos, ya dawo da kwafi ɗaya da aka buga wa hatimi, ya sa a leda ya ajiye tare da littafin ajamin. Ya sake kafa rumfa da jarin da surukinsa ya ranta masa, ƙarama, ba injin yanka. Shekaru da dama bayan haka, duk lokacin da na bi ta Laranto na tsaya gaishe shi, bayan an gama tambayar iyali da kasuwa sai ya ce, "Malam, an fitar da rahoton nan kuwa?" Ni kuma in ce, "Tukuna dai, Baba." Zuwan da na yi na ƙarshe bai tambaya ba, ya sa yaro ya kawo mini kujera, muka yi maganar tsadar falanki.